Yadda Ake Fita Kallon Ruwan Taurari Daga Jidda

Duk shekara in Disamba ta kama, sai ka ga samarinmu na Jidda da Makka sun cika mota biyu sun nufi daji kallon ruwan taurari, wato daren da taurari masu gudu ke yawan tsarge sama, washegari su dawo suna cewa duk zuƙi-ta-malle ne. Taurarin kuwa sun zuba, su ne ba su shirya idanunsu ba.

Fara da zaɓen dare. Ruwan taurarin da ake kira Geminids ya fi zuba a daren 13 wayewar 14 ga Disamba, Perseids kuma 12 zuwa 13 ga Agusta. Ni dai na Disamba nake ba kowa shawara, don zafin Agusta a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Sai ka buɗe kalandar Ummul Ƙura, ta Hijira da Saudiyya ke amfani da ita, ka ga nawa ga wata daren ya faɗa. In tsakiyar wata ne, farin wata zai shanye yawancinsu. Ƙarshen wata ko farkonsa ake so.

Ku nisanci gari sosai, don hasken Jidda yana bin mutum nesa. Tsaunukan Shafa a gefen Ɗa'ifa sun wadatar, sai dai ku ɗauki bargo da rigar sanyi. Masu hali suna zuwa Gharamil a yankin Al'ula, wurin da ya samu shaidar duhun sama a 2024, amma kuɗin mai da masauki ba na kowa ba ne. Kada ku kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, fitilunta kaɗai sun ɓata komai. Madubin hangen nesa ma ku bar shi a shago, ɗan yanki yake nunawa, ku kuwa sama gaba ɗaya kuke buƙata.

Ga inda kowa yake faɗuwa. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya soma ganin masu raunin haske, kuma kallo ɗaya ga fuskar waya ya isa ya mayar da kai baya. Za ka ga an shimfiɗa darduma an kwanta, minti goma bai cika ba wani ya zaro waya zai duba WhatsApp, wani ya buɗe ƙofar mota neman filas ɗin shayi, fitilar ciki ta haske kowa. To, kafin a zauna a yi sallah, a sauke kaya duka, a kashe fitilar cikin mota, a tara wayoyi cikin jaka ɗaya a hannun babban cikinku. Tocila guda ta isa, a ɗaure mata jar leda da roba a baki, don jan haske bai cika ɓata ido ba. Wutar gashi kuma a gama da ita tun da wuri, a rufe garwashin da yashi.

In ɗaya ya tsarge sama, ba a rasa mai cewa tauraro ya faɗo, wani babba ya rasu. Ba tauraro ba ne ma. Na Disamba ɓarɓashin dutse ne, yawanci bai wuce ƙwayar gero ba, wanda wani dutsen sama mai suna Phaethon yake bari a hanyarsa. Duniya tana ratsa wurin kowace Disamba, ɓarɓashin ya shigo iska da gudun kilomita 35 a daƙiƙa, ya ƙone tun yana wajen kilomita 80 zuwa 100 sama da mu. Camfin ma tsoho ne. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya kawo cewa wasu Ansar sun faɗa wa Annabi (SAW) haka suke cewa a jahiliyya, ya ce musu ba a jefa su don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Sauran mai sauƙi ne: ku kwanta rigingine, kowa ya kalli ɓangare daban, ku daure har wajen ƙarfe biyu na dare, lokacin suka fi yawa. Direba dai a bar shi ya yi barci kafin a sauko hanyar Hada, mai gangarowa daga tsaunukan Ɗa'ifa.