Yadda Ake Aiki da Futura a Kanu da Allon Talla

Paul Renner ne ya zana Futura, wani salon haruffan bugu (font), kamfanin Bauer na Frankfurt a Jamus ya fitar da shi a 1927. Da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi su ne ginshiƙin haruffansa. Dubi O, kamar da kamfas aka zagaya shi; A da M kuma kawunansu tsini ne a siraran nau'o'insa. Da shi aka rubuta allon da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969.

Salo ne na rubutu mai girma. Ka sa shi a kanu, fosta, tambari ko allon shago, daga girman maki 24 (ma'aunin girman harafi) zuwa sama, kalmomi uku zuwa shida. Dogon bayani kuwa ka nemar masa wani salon. Dalili shi ne ƙananan haruffansa gajeru ne, kuma a, o, d, b duk da'ira ɗaya ce aka jingina wa sanda ko aka bari haka. Hausa cike take da harafin a, shi ya sa "dara" da "doro" kan so su rikice wa mai karatu in rubutun ya ƙanƙance. Babban I da ƙaramin l ma kusan abu ɗaya ne.

Tazarar da ke tsakanin haruffa ce ke cin lokaci. In duka manyan haruffa ne, ka buɗe su kaɗan, tsakanin 50 da 100 a ma'aunin tazara (tracking) na manhajar Illustrator ko Photoshop. Ƙananan haruffa ka bar su yadda suke. Sannan ka bi su biyu-biyu: WA, YA, TA da AW kan bar rami a tsakani saboda karkacewar ƙafafunsu, sai ka matso su da hannu har ido ya ga tazarar ta daidaita. Kada ka ja rubutun ta gefe don ya cika fili, O zai koma ƙwai, kaurin sanduna ya bambanta. In wuri ya yi kaɗan akwai nau'in Condensed, mai matsattsun haruffa.

Kafin ka fara aikin Hausa, ka buga ɓ ɗ ƙ da Ɓ Ɗ Ƙ, da ƴ in aikin na Nijar ne. Futura da yawa da ke cikin kwamfutoci ba su da haruffa masu ƙugiya, sai manhaja ta aro su daga wani salo, ka ga ƙ siriri a tsakiyar kalma mai kauri. In kanu ne gajere, ka mayar da rubutun zane (wato haruffan su zama siffofin da ake iya gyarawa), ka ɗora ƙugiyar da kanka da kauri daidai da sandar harafin. Lanƙwasar saman f ta fi dacewa a yanko.

Ko babu ƙugiya, ka mayar da rubutu zane kafin ka kai wurin bugu, Ctrl+Q ne a manhajar CorelDRAW. In kwamfutar maɗaba'a ba ta da Futura, da wani salon za ta musanya shi.