Yadda 'yan kwana-kwana ke shawo kan man da ya malale a kan titi

Ba kowane kira ne 'yan kwana-kwana ke amsawa su tarar da wuta tana ci ba. Sau da yawa abin da suke tararwa shi ne mota ta yi karo ko tanka ta kife, mai yana kwarara a kan kwalta, jama'a kuma sun fara taruwa. Akwai tsarin da suke bi domin kada wuta ta tashi, kuma ya kamata direbobi da mazauna bakin manyan hanyoyi su san shi, saboda wani ɓangare babba na aikin ya rataya ne a kan haɗin kan mutanen da ke wurin.

Matakin farko yana farawa tun kafin motar kashe gobara ta tsaya. Direbanta yana neman ɓangaren da iska ke fitowa, ya tsaya a can, a kan tudu idan akwai, nesa da inda man yake gangarawa. Dalili kuwa shi ne tururin da ke tashi daga fetur ne yake kama wuta, kuma wannan tururi ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka yana bin ƙasa kamar ruwa, yana taruwa a cikin lambatu da kwalbati da ramuka, inda ido ba ya ganinsa. Daga nesan ne shugaban ayari zai tantance abin da ya zube. A jikin tankokin da ke bin ƙa'idar duniya akan ga jan tambari mai lamba 3, alamar ruwa mai kama wuta, tare da lambar kayan da aka ɗauko: 1203 fetur, 1202 dizal, 1223 kalanzir. Inda babu tambari, sai a tambayi direba ko yaron mota, a duba takardar lodi. Bambancin yana da muhimmanci, domin fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, alhali dizal sai ya ɗumama ya wuce digiri 50. Wannan ba dalili ba ne na raina dizal, tunda kwaltar tsakar rana a watan Afrilu tana iya kaiwa wannan zafin.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowane nauyi a ƙasarmu, shi ne janye mutane. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke aiki da ita a ƙasashe da dama ta ce a killace aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare, idan malalar mai yawa ce a kwashe mutane har mita 300 ta ɓangaren da iska ke nufa, idan kuma tankar ta kama da wuta a faɗaɗa zuwa mita 800. A nan ne ake buƙatar 'yan sanda da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, su tare hanya ta ɓangarorin biyu, su karkatar da motoci. Abin da ya faru a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba 2024, ya isa misali. Tanka ta kife, fetur ya gangara cikin lambatu, mutane suka fito da jarkoki da bokitai suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Tsadar mai da talauci ne ke tura mutane, wannan gaskiya ne, amma mutumin da ya tsaya cikin tururi da tufafin da suka jiƙe da fetur ba shi da damar gudu idan wuta ta tashi, domin tana bin tururin cikin ƙiftawar ido. Saboda haka jami'i mai basira yakan nemi mai unguwa ko limami ko shugaban 'yan tasha su yi wa jama'a magana, tunda an fi jin muryarsu fiye da ta baƙo mai kaki.

Bayan haka sai a kawar da duk abin da zai iya haifar da tartsatsi. Ana kashe injinan motoci da babura, a hana shan taba, a sa masu shayi da masu tsire na kusa su kashe wutarsu. Idan ana iya kaiwa ga batirin motar da ta yi haɗari ba tare da shiga cikin tururi ba, ana cire kansa, a fara da wayar da ke haɗe da jikin mota, wato mai alamar ragi, domin ita ce ba ta tartsatsi idan sifana ta taɓa ƙarfe. Kayan aikin ma ana zaɓensu: shebur na roba ko na tagulla ake so, saboda na ƙarfe yana iya ƙyasta wuta idan ya gogi kwalta. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, ranar 18 ga Janairu 2025, rahotannin hukumomi sun nuna cewa wutar da ta kashe fiye da mutum 80 ta tashi ne lokacin da ake ƙoƙarin juye man tankar da ta faɗi zuwa wata da taimakon janareto.

Daga nan ne ake fuskantar man kansa. Ana rufe famfon tanka idan ta nan yake zuba, ko a toshe ɓular da turken katako ko wani ƙulli na musamman da mai ba ya narkar da shi, a tara abin da ke ɗiga a cikin mazubi. A lokaci guda wasu ma'aikatan suna yin gaba da malalar, su gina shinge da yashi ko ƙasa, su rufe bakin lambatu da kwalbati. Toshe magudanar ruwa yana da gaggawa ƙwarai, domin man da ya shiga lambatu yana iya tafiya mai nisa ya ɓulla a bayan gidajen da ake girki, ko ya gurɓata rijiyoyi da gonakin fadama.

Mutane da yawa suna mamakin ganin 'yan kwana-kwana sun zo da mota cike da ruwa amma sun ƙi fesa shi a kan man. Fetur da dizal sun fi ruwa rashin nauyi, suna tasowa a samansa, don haka ruwa ƙara yaɗa su yake yi. Abin da ake amfani da shi shi ne kumfa, wadda ake haɗa sinadarinta da ruwa, galibi kashi 3 ko 6 cikin ɗari, a shimfiɗa ta a hankali har ta lulluɓe man kamar bargo ta danne tururin. Ba a harba ta kai tsaye cikin man. Akan buga ta a jikin tanka ko a ƙasa gaban malalar ta gangara da kanta. Rana da iska suna cinye ta, don haka ana sabunta ta, kuma ba a barin kowa ya taka cikinta. Duk tsawon wannan lokaci akwai ma'aikaci tsaye da mesa a shirye, wani kuma yana zagayawa da na'urar auna tururi, domin tururin fetur yana iya kamawa da zarar ya kai wajen kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin.

Ƙananan haɗurra ba sa buƙatar duk wannan, amma kowane ruwan mota da yadda ake bi da shi. Baƙin mai da man birki da na giya santsi ne babbar illarsu, musamman ga masu babura, kuma ana barbaɗa musu busasshen yashi, a goga da tsintsiya mai ƙarfi, a kwashe. Ruwan batir yana ƙona fata, don haka sai da safar hannu da tabarau, a zuba masa hodar bekin soda har ya daina tafasa kafin a kwashe. Ruwan lagireto mai launi guba ne mai ɗan zaƙi, awaki da karnuka suna iya lasarsa, saboda haka ba a barinsa kwance. Garin katako, duk da arharsa, bai dace da fetur ko ruwan batir ba, domin shi kansa makamashi ne.

Juye man da ya rage a tanka aikin ƙwararru ne, da famfon da aka ƙera don wannan aiki, bayan an haɗa tankokin biyu da waya an kuma kafa ta a ƙasa saboda lantarkin da gudun mai ke tarawa. Sai an rage lodin sannan motar janwe ta ɗaga tankar. Yashin da ya sha mai ana zuba shi a durom mai murfi a miƙa wa hukumar muhalli, kuma idan malalar babba ce ana sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a Najeriya. Kafin a buɗe hanya, shugaban ayari yana sake auna tururi a cikin lambatu, ya duba kwaltar ko dizal ya tausasa ta, ya tabbatar santsi ya tafi, sannan ya miƙa wurin ga jami'an kiyaye haɗurra su saki motoci layi ɗaya bayan ɗaya.