Yadda ake shirin tiyatar sake gina mama da tsokar baya

Matar da aka cire wa mama saboda sankara, musamman idan an gasa wurin da hasken na'ura mai kashe sankara daga baya, fatar ƙirjinta kan yi tauri ta siranta har ta kasa riƙe robar silikon da ake sakawa a madadin maman ita kaɗai. A nan ne likitan fiɗa kan ɗebo faffaɗar tsokar baya, wadda ta taso daga wajen ƙugu ta haura zuwa ƙashin damtse, ya zuro ta ta ƙarƙashin hammata tare da yankin fata da jijiyar da ke kai mata jini, ya shimfiɗa ta a ƙirji ta lulluɓe robar. Wani likita ɗan Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana dabarar tun 1906, amma sai a shekarun 1970 ta karɓu sosai wajen sake gina mama.

Kafin ki amince, ki gaya wa likita abin da kike yi da hannuwanki kullum, domin wannan tsoka ce ke janyo hannu ƙasa da baya. Wadda ke dogara da sanda ko keken guragu, ko mai yawan iyo, za ta ji rashinta fiye da kowa, kuma a ganina ya kamata ta tambayi wata hanyar tukuna. Mai shan taba ta daina aƙalla makonni 4 kafin aikin, mai ciwon suga ta daidaita shi, sannan a sanar da likita duk maganin tsinka jini da ake sha. Ranar da za a zana wurin yanka, ki je da rigar mamanki, domin a duba ko tabon zai iya ɓuya ƙarƙashin maɗaurinta.

Bayan aikin, bayanki ne zai fi buƙatar kulawa. Za ki koma gida da siraran bututu masu tsotse ruwa zuwa 'yar kwalba, sai ki riƙa auna abin da ya taru ki rubuta kowace rana, domin galibi ba a cire su sai ya ragu zuwa kusan mililita 30 a kwana guda. Ko bayan an cire, ruwa kan taru inda aka ɗebo tsokar, ki ji wurin yana motsi kamar ruwa a leda. Da allura ake zuƙe shi, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Amma idan fatar da aka dasa ta yi sanyi ko ta yi duhu, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti nan take.

Kada ki ɗauki kaya masu nauyi har makonni 4 zuwa 6. Da zarar an ba ki izini, ki fara motsa kafaɗa ta hanyar tsayawa gaban bango kina hawa da yatsu sannu a hankali. Kan mama kuwa sai bayan watanni ake gina shi, idan kumburi ya sace, ita kuma robar wata rana tana iya buƙatar a canza ta.