Yadda ake haɗa gawayi mai bin maganaɗisu don tsotse rini daga ruwa

Gawayin buntun shinkafa yana kama rini, amma raba garinsa da ruwa bayan ya gama aiki jan aiki ne. Dabarar ita ce a liƙa masa wani baƙin sinadarin ƙarfe mai suna magnetait, sai maganaɗisu ya kwashe shi.

A wanke buntu, a shanya, a ƙona shi awa 2 cikin rufaffiyar tukunya mai ƙaramar huda, a zafin digiri 500 na ma'aunin Celsius. In iska ta yi yawa, toka za a samu. A daka, a tankaɗe.

A cikin tataccen ruwa mililita 200, a narkar da giram 5.4 na FeCl3·6H2O da giram 2.8 na FeSO4·7H2O, wato gishirin ƙarfe iri biyu da za su haɗu su zama magnetait. A zuba gawayin giram 5, a ɗumama zuwa digiri 70 ana juyawa. Sai a riƙa ɗiga ruwan kostik soda har pH (ma'aunin tsami ko kaifin sodar ruwa) ya kai 10 ko 11. Da safar hannu da tabarau, don sodar tana cin fata.

Nan ne ake yawan ɓata aiki. Haɗin ya kamata ya koma baƙi wuluk. In ya fito ja kamar tsatsa, iska ta riga ta lalata ƙarfen, kuma maganaɗisu ba zai ja shi sosai ba. Sau da yawa laifin tsohon FeSO4 ne: mai kyau kore-kore yake, wanda ya yi rawaya kada a taɓa shi. In haɗin ya yi baƙi, a ɗauraye shi har pH ya dawo 7, a busar a digiri 60.

Wajen gwaji, a zuba gawayin giram 1 a lita 1 ta ruwa mai miligiram 50 na shuɗin rinin da ake kira methylene blue, a girgiza awa guda, a manna maganaɗisu a jikin kwalbar. Wannan rini ya fi kamuwa a pH 8 zuwa 10. Kada a sauko ƙasa da 3, ƙarfen narkewa zai yi.

Ruwan masana'anta irin na Sharaɗa ko Challawa a Kano ba na kwalba ba ne: gishiri da sabulu suna toshe ramukan gawayin, dole a ƙara awonsa. Ruwan baba na marina kuwa, a fara kaɗa shi ya sha iska, shunin ya kwanta, a tsiyaye, sannan a sa gawayin.

Ruwan da ya washe na wankin kayan aiki ne, ba na sha ba. Gawayin da ya ƙoshi a wanke shi da etanol a sake amfani, kada a watsa shi a kwata.