Yadda Ake Karanta Zanen Iyali Mai Tsarki na Italiya

A zanen Iyali Mai Tsarki, wato jariri Yesu da Maryamu da Yusufu, kafin ka duba fuskoki, duba siffar allon. Idan zagaye ne kamar faifai, galibi don ɗakin gida aka yi shi, sau da yawa lokacin aure ko haihuwa. Wanda mai zane Michelangelo ya zana wa Agnolo Doni, ɗan kasuwar birnin Florence da ya yi aure a 1504, irinsa ne. Faɗinsa santimita 120, yana gidan adana zane na Uffizi.

Ja da baya kamar taku uku ka tantance mutanen. Maryamu ce mai jar riga da shuɗin mayafi. Yusufu dattijo ne, yawanci da rawayar tufa, kuma a bayanta yake. Idan yara biyu ne, mai sanye da gashin raƙumi, riƙe da gicciyen kara, shi ne Yohanna Mai Baftisma. Masu sabon kallo sukan ɗauke shi a matsayin Yesu.

Sai ka matso ka bi hannuwa, domin nan ma'anar take. A zanen Doni, Maryamu na zaune a ƙasa, ta murɗa jiki, jaririn yana kan kafaɗarta tsakaninta da Yusufu. A wani zanen na mai zane Raphael, Yohanna yana miƙa wa Yesu ɗan tsuntsu mai jan goshi wanda ke cin 'ya'yan ƙaya, ishara ga kambin ƙaya da ke jiran Yesu lokacin gicciye shi.

Inda ido ya fi ruɗuwa shi ne launi. Shuɗi mai tsada daga dutsen lazuli na Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, shi ya sa ake keɓe wa mayafin Maryamu. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai a sa masa shuɗi mai araha na ma'adinin tagulla, wanda kan yi duhu da tsufa. Idan ka ga mayafi ya kusa zama baƙi, kada ka ce makoki ne. Haka fuska mai kore-kore: masu zane da ke haɗa launi da gwaiduwar ƙwai sukan shimfiɗa koriyar ƙasa a ƙarƙashi, in launin fata na sama ya koɗe sai ta bayyana.

Layi mai tsawo da ya ratsa zane yawanci mahaɗar katako ce da danshi ya buɗe. Na Raphael ɗin ya fi haka muni: gidan mai shi ya rushe a 1547, aka harhaɗa gutsattsarinsa da ƙusoshi.