Masu duba gona da NDVI, ga shawara

Salam 'yan uwa. Wannan NDVI ɗin, wato lambar auna koren shuka da tauraron ɗan adam ke bayarwa, yana auna yadda ganye ke shanye jan haske yana mayar da wani hasken da ido ba ya gani, lambar daga -1 zuwa 1 take, tana hawa in koren ganye ya yi yawa. Amma fa bai san bambancin dankali da ciyawa ba, gonar da ciyawa ta cinye ma sai ta fito kore shar abinta. A hoton tauraron Sentinel-2 kowane ɗigo mita 10 ne, ƙaramar gona a Bokkos 'yan ɗigo ce kawai, ga gajimaren Agusta nan Jos yana sa lambar ta faɗi ka zata cuta ce ta shiga. Ku duba ranar da aka ɗau hoton, ku kwatanta da na satin baya, sannan a taka zuwa gonar a ɗaga ganye a gani.