Yadda Nake Zagayen Ɗakin Kajin Nama Kowace Safiya

Ina kula da ɗakunan kajin nama a wata gona da ke bayan garin Zariya, kuma duk yaron da aka kawo mini aiki, abin da nake fara hana shi shi ne shiga ɗaki da buhun abinci a kafaɗa. Da kaji sun ga buhu za su taso gaba ɗaya, mai lafiya da mara lafiya su cakuɗe, ba ka ga komai ba ke nan. Ka fara tsoma takalminka a ruwan maganin da ke bakin ƙofa, sannan ka tsaya minti biyu ba motsi, ka kalla, ka saurara.

Yadda suka bazu shi zai fara ba ka labari. Idan 'yan tsaki sun dunƙule a jikin kaskon gawayi suna tsiwa, sanyi suke ji. Idan sun guje shi sun manne da bango, zafi ya yi yawa. A ranar farko ana son ɗumin ya kai digiri 32 zuwa 33 a daidai tsayin ɗan tsako, a riƙa rage kamar digiri 2 zuwa 3 kowane mako. Namu daga Ibadan ake kawo su, sun kwana a mota, don haka washegari nakan kama hamsin daga kusurwoyi daban-daban in taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansu. Bayan awa 24 ya kamata kusan duka, 95 cikin 100, su kasance da ita cike da laushi. In ta yi tauri, sun ci amma ba su sha ba. In ruwa ne zalla, ba su gano abincin ba.

Daga nan sai ka durƙusa. Da gaske nake, gwiwa a ƙasa, hanci kusa da shimfiɗa, domin a nan kaza take shaƙar iska, ba inda kanka yake ba. Idan warin kashi ya sa idonka yaji, iskar amoniya ta wuce kima, kuma ita kaza a ciki ta kwana. Na koyi wannan a wani hunturu da muka lulluɓe tagogi da leda ruf saboda tsoron sanyi. Ni ina tsaye ban ji komai ba, sai da na ga kaji suna lumshe ido suna atishawa. Tun daga ranar, ko sanyi ya kai yaya, sai na bar kafa ta sama a buɗe, balle ma in akwai gawayi a ciki.

Tun kana durƙushe, ɗebi dusar katakon ko buntun shinkafar da aka shimfiɗa ka matse a hannu. In ta wargaje da ka buɗe tafinka, lafiya lau. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, kuma yawanci a ƙarƙashin mazubin ruwa abin yake farawa. Kwashe wurin ka zuba busasshiya, ka ɗaga mazubin ya zo daidai gadon bayan kaza. Dubi kashin ma: jini a ciki alamar cutar hanji ce da ake kira koksidiyosis, a kira likitan dabbobi, kada a tafi kasuwa a sayo magani da ka.

Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a ƙafa take fitowa. Daga mako na uku nakan kama kaji ashirin sau ɗaya a mako, in juya tafin ƙafarsu, in duba gwiwar baya da ƙirji. Baƙin tabo ko gyambo a tafin ƙafa ƙuna ce ta kashi, ciwo gare ta, kuma kazar da tsayuwa ke mata zafi ba ta zuwa tiren abinci. Sannan in bi ɗakin a hankali ta gefen bango, in ga wacce ta ƙi tashi. Masana na auna tafiyar kaza daga 0, wato garau, zuwa 5, wato ba ta iya takawa. Jinsin kajin nama irin su Ross 308 da Cobb 500 kan haura kilo 2 cikin mako shida, nama ya riga ƙashi girma, shi ya sa ɗingishi ya yi musu yawa. Wacce ba ta iya kai kanta ga ruwa, a cire ta nan take. Barin ta a tattake ta zalunci ne, ba tattali ba. Abin da ke taimakon ƙafa kuma shi ne duhu: bayan makon farko ina kashe musu fitila awa shida su huta, ko da maigidan gona yana ganin asarar lokacin ci ne.

Bazara ita ce babbar jarrabawa. A watan Afrilu, da ka ga baki a buɗe suna haki, fukafukai a sake, ka makara da rabin awa. Janye abinci tun hantsi, a mayar da yamma, a canza ruwa ya zama mai sanyi, kada tanki ya zauna a rana. Game da cunkoso kuwa, dokar Tarayyar Turai ta 2007 ta sa kilo 33 na nauyin kaji a kowace murabba'in mita, ana iya kaiwa 42 da sharuɗɗa, amma su ɗakunansu na da injinan jan iska. A ɗakinmu mai raga da kwano, ni ba na wuce kaza takwas a murabba'in mita a bazara.

Sauran aikin na biro ne. A jikin ƙofa akwai takarda: mushe nawa, waɗanda aka cire nawa, buhu nawa aka ci, ruwa lita nawa, ranar rigakafin cutar Gumboro da ranar Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, ranar da aka daina magani kafin a sayar. Ruwan na fi sa wa ido. Kaza kan sha kusan ninki biyu na abin da ta ci, kuma shan yakan ragu kwana ɗaya ko biyu kafin ciwo ya bayyana. Idan kuwa mushe ya yi tsalle dare ɗaya, a rufe ƙofa, kada a sayar da ko guda, a sanar da ofishin likitan dabbobi, domin yana iya zama murar tsuntsaye. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya ne a 2006, a Jaji, nan kusa da mu.